Shekara Tara a Bakin Tanderu

Na taso a Tudun Wada ta Kaduna, a gidan da ba a wasa da kwalba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, man gyaɗa take sayarwa, kuma da kwalba take awo, saboda haka aikin farko da na iya a duniya shi ne wankin kwalabe. Nakan zuba 'yan tsakuwa da ruwan sabulu a ciki, in toshe bakin da babban yatsa, in yi ta girgizawa har maiƙon ya fita tas, sannan in kife su a jere a gindin katanga su sha rana. A wajen wannan wanki na fara lura cewa kwalabe ba ɗaya suke ba. Akwai koriya, akwai mai ruwan ƙasa, akwai wadda ake hango komai ta cikinta. Wata gindinta a shafe yake, wata kuma ya loɓa ciki ya yi tudu, ta yadda idan an cika ta ido zai ga kwalba guda alhali man bai kai kwalba ba. Duk lokacin da irin wannan ta shigo cikin waɗanda muka saya, Inna takan ce, "Ware ta gefe, wannan haƙƙin mutane take ci." Wani lokaci har ta haɗa da karanto farkon surar da ta yi gargaɗi ga masu tauye mudu. Ni kuwa a lokacin asarar kwalba kawai nake gani.

Baba ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma kullum bayan sallar asuba yakan hau kekensa ya tsallaka gadar kogin Kaduna. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙa ta farko a wannan unguwa, dubban gidaje a garin nan da albashin masaƙa suke cin tuwo. A farkon shekarun 2000 masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasu Baba ma ta bi sahu, ya dawo gida da keke da katin shaidar aiki, nauyin gida ya koma kan kwalaben Inna. Daga ranar na ƙudurta cewa zan yi karatun da ba za a wayi gari a rufe mini ƙofarsa ba, kuma a tunanina na yaro wannan karatu shi ne injiniyan lantarki.

Makina bai kai ba. A 2004 na samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a fannin fasahar gilashi, na karɓa ina jin kunyar faɗa wa mutane, domin duk wanda ya ji sai ya tambaya ko sa gilashin taga ma sai an je jami'a. Abin da ya juya mini zuciya darasi ne guda a shekarar farko. Malaminmu ya ajiye kwalba a kan tebur ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da muke kallo yashi ne, wato silika. Ita silika ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700 a ma'aunin Selshiyos, shi ya sa ake zuba mata soda don ta sauko da zafin zuwa wajen 1,500. Amma gilashin yashi da soda kaɗai ruwa yana cinsa, don haka ake ƙara dutsen farar ƙasa ya ba shi juriya. Ya ce korayen kwalabe galibi ƙarfe da wani sinadari mai suna kuromiyom ne suke rina su, mai ruwan ƙasa kuma ƙarfe ne da farar wuta da gawayi suka haɗu. Da ya ambaci cewa sodar nan dangin kanwar da iyayenmu suke jefawa a miya ce, sai na ji kamar an ɗaga mini labule a kan shekarun da na yi ina wanke abin da ban san ko mene ne ba.

Daga nan na kamu da son fannin. Na karanta yadda kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana wa duniya a 1959 dabarar malala narkakken gilashi a kan narkakken kuza don ya fito a shimfiɗe sumul, wadda da ita ake yin kusan duk gilashin taga a yau. Na karanta yadda Charles Kao ya nuna a 1966 cewa idan aka tsarkake gilashi sosai zare ɗaya nasa zai iya ɗaukar saƙo da haske zuwa nesa, abin da intanet take tafiya a kansa yanzu, da yadda Larry Hench ya haɗa a 1969 wani gilashi da ƙashin mutum yake mannewa da shi. Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne, yashi da kanwa da dutsen farar ƙasa duk muna takawa a Arewa, amma ko kofin gwaji na ɗakin bincikenmu daga waje ake shigo da shi.

Bayan hidimar ƙasa na samu aikin koyarwa a wata babbar makaranta, na yi digiri na biyu, na yi aure, sannan a 2014 na yi rajistar digirin digirgir a wata jami'a. Abin da na ɗauko shi ne yin gilashin kwalba daga kayan gida, amma a maimakon yashi in yi amfani da tokar buntun shinkafa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, kuma idan aka ƙona shi a zafin da bai wuce digiri 700 ba har ya yi fari, tokar takan kasance kusan kashi 90 cikin ɗari silika ce, mai laushi, wadda ta fi yashi saurin narkewa. Ga shi jibge a bayan injinan casar shinkafa, ana cinna masa wuta yana damun unguwa da hayaƙi. Na tsara zan gwada haɗi goma sha biyu, kowanne da gwargwadonsa na toka da kanwa da farar ƙasa da garin fasassun kwalabe, in auna nauyi da ƙarfi da launin kowanne. Na gaya wa Baba shekara uku zan yi, in ta yi tsanani huɗu.

Tanderun da muke da shi na lantarki ne, kuma kafin ya kai zafin narkarwa yakan ɗauki sa'o'i da yawa, sannan a bar haɗin a ciki har ƙwayoyin iska su gama tasowa. Amma inda gizo yake saƙar shi ne bayan an zuba narkakken gilashin a mazubi. Gilashi ba ya son a huce da shi da gaggawa, domin bayansa yana riga cikinsa sandarewa, cikin kuma ya ci gaba da tsukewa yana jan bayan, sai wannan ja ya daskare a ciki. Da ido za ka ga abu lafiyayye, amma a ɗaure yake, kuma yana iya tarwatsewa bayan awa guda ko bayan mako. Maganinsa a riƙe shi a wajen digiri 550 na ɗan lokaci har ya saki, sannan a riƙa sauke zafin a hankali cikin sa'o'i. Duk wannan yana bukatar wuta ta zauna daga safe har tsakar dare. Sau nawa na kwana a ɗakin gwaje-gwaje ina kallon ma'aunin zafi yana hawa, ya kai dubu da ɗari biyu, sai fanka ta tsaya, ɗakin ya yi tsit, haɗin ya daskare a cikin kasko ya fasa shi. Janaretan da ke sashen ba ya iya ɗaukar tanderun. A shekara biyu haɗi biyar kacal na samu da za a iya aunawa.

Abin da ya faru a 2016 kuwa ba laifin wuta ba ne, nawa ne. Ranar wata Alhamis aka ɗauke wuta ana cikin hucewa, kuma na san sarai cewa wannan gilashin bai saki ba, ya kamata in jefar da shi. Amma shi ne mafi tsabta da na taɓa samu, kuma ina da zama da malamin da ke duba aikina ranar Litinin, ina so in je masa da wani abu a hannu. Washegari na ɗauko shi, faifai ne kamar faɗin tafin hannu, na kai shi wajen dutsen gogewa don in daidaita gefensa. Tabarau na kariya yana rataye a ƙusa taku biyu daga inda nake tsaye. Da gefen ya taɓa dutsen sai na ji ƙara kamar an harba ƙaramar bindiga, na duba hannuna babu komai a ciki sai jini, idona na hagu kuma ya cika da wani ruwa mai ɗumi. Ban ji zafi nan take ba. Abin da na fara yi shi ne durƙusawa ina lalube a ƙasa ko akwai ɓallin da ya yi girman da za a iya aunawa, sai da mai kula da ɗakin ya riƙe kafaɗata yana cewa, "Malam, tashi, idonka!" A Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna aka ciro tsinin gilashin, kuma ina gode wa likitocin da suka ceto idon. Tabon dai ya zauna, har yau da wannan ido ina ganin duniya kamar ta bayan labule mai shara-shara.

Ina dawowa daga jinya na tarar sandunan da ke dumama tanderun sun karye. Daga waje ake sayo su, a shekarar kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai, kuɗin da aka ware bai kai ba. Na yi wata goma sha huɗu ba na narka komai. Waɗanda muka yi rajista tare, masu binciken da ba ya bukatar wuta, suka gama, aka fara kiransu dakta, aka ƙara musu matsayi, ni kuwa ina nan inda nake da 'ya'ya biyu da kuɗin haya. Baba ya daina tambayata yaushe zan gama, kuma shirun nan nasa ya fi tambayar ciwo.

A wannan hali wani abokin aiki, wanda na tabbata tausayina ya ji, ya ce mini in daina kashe kaina. Ya ce tunda ina da sakamako biyar na gaskiya, sauran bakwai ɗin ai lissafi zai fitar da su, kuma babu wanda zai zo ya sake narka toka don ya bincika. Maganarsa tana da ƙafa, domin tun ƙarni na 19 masana a Jamus suka fitar da hanyoyin ƙiyasta nauyin gilashi da yadda yake buɗewa da zafi daga sanin sinadaran da ke cikinsa, kuma na iya wannan lissafi kamar yadda na iya karatun Fatiha. Na yi mako uku ina kokawa da zuciyata. Na gaya wa kaina cewa ba ƙarya ba ce tunda da an narka ɗin kusan abin da za a samu ke nan. Na gaya wa kaina cewa na riga na biya da ido. Wani dare a 2017, bayan iyalina sun yi barci, na buɗe kwamfuta na cike gurabe bakwai da lambobin da ban auna ba, na zana jadawali, layin ya fito a miƙe gwanin sha'awa. Da safe na buga babin na kai wa malamina.

Kwana uku na yi ba na iya cin abinci. A na ukun na biya gida Tudun Wada da yamma, na tarar da Inna a tsakar gida tana tsiyaya mai ta mazurari, ƙanwata tana miƙo mata kwalabe. Ta ɗaga wata ta kalli gindinta a hasken rana, ta ajiye ta can gefe ba tare da ta ce komai ba, ta miƙa hannu a ba ta wata. Wannan mata ita ce ta ciyar da gida shekara goma sha biyar da ribar da ba ta taka kara ta karya ba, kuma ba ta taɓa yarda ta ƙara da cokali guda na haƙƙin wani ba. Na zauna a kan turmi na kasa haɗa ido da ita.

Washegari na shiga ofishin malamina na rufe ƙofa, na ce, "Ranka ya daɗe, na zo in karɓi babin nan. Bakwai daga cikin lambobin ban auna su ba, lissafa su na yi." Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da babin, na ga ya riga ya zagaye guraben bakwai ɗin da jan biro, ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko guda ba. Ya ce tun daren farko ya gane, domin gilashin da aka yi da kanwar kasuwa da tokar buntu ba ya taɓa hawa layi haka. Na gaskiya sai ka ga ɗaya ya ɗan haura, ɗaya ya ɗan sauka, kamar yadda biyar ɗina suka yi. Ya ce ya ba ni mako guda a ransa, in ban dawo da ƙafata ba zai kai maganar gaba, kuma da hakan ta faru da aikina ya ƙare. Ya yaga shafukan a gabana ya miƙo mini, ya ce, "Ka tafi da su, kada ka jefar." Suna nan a cikin akwatina har yau. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na wannan rana ba, kuma a wannan dare na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Faɗin gaskiya bai gyara tanderu ba. A 2018 ciwon hawan jini ya kwantar da Baba, ɓarin jikinsa ya shanye, na riƙa kwana da shi a asibiti. Wata rana da harshensa ya ɗan saki na ba shi labarin abin da na yi da yadda na janye. Ya kalle ni ya ce, "Gara da ka koma." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar. Bayan wata biyu Allah ya yi masa rasuwa, bai ga abin da na yi masa alkawarin kawowa cikin shekara uku ba.

Bayan rasuwarsa na shiga wani hali da a lokacin ban san sunansa ba. Ina zuwa aji in koyar in dawo, amma ba na buɗe littafi, ba na ɗaga wayar malamina, idan na hangi ginin ɗakin gwaje-gwaje sai in canza hanya. Nakan farka ƙarfe uku na dare in zauna a bakin gado har kiran sallah. Na rubuta takardar janyewa daga karatun na ajiye a aljihu wata huɗu. Matata ce ta gan ta wajen wanki, ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dai in yi mata alkawarin ba zan miƙa ba sai na ga likita. Na je ina jin nauyi, likitan ya gaya mini ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane, kuma yana da magani. Na ambaci wannan ne saboda na san malamai da ɗalibai da yawa a manyan makarantunmu da suke ɗauke da irinsa suna kiransa gajiya, kamar yadda na yi kusan shekara guda.

Da na fara samun sauƙi a 2019, malamina ya ce kafin in yanke shawara in je Bida, a jihar Neja, in ga Masaga. Na san labarinsu a takarda: mutanen da suka gaji aikin gilashi kaka da kakanni, suna yin duwatsun wuya da awarwaro, kuma a tarihin da suke bayarwa daga Masar kakanninsu suka taso. Amma gani ya kori ji. A cikin wani ɗaki mai duhu na tarar da mutane zaune kewaye da murhun ƙasa, yaro yana ta zuga zugazugi, wutar itace tana huci, kowa da sandar ƙarfe yana naɗo narkakkiyar kwalba a bakinta yana juyawa. Babu waya, babu ma'auni. Wani dattijo ya gama awarwaro, bai ajiye shi a iska ba, sai ya tura shi cikin toka mai zafi a gefen murhun ya rufe. Na tambaye shi da Hausa, na ce, "Baba, me ya sa?" Ya ce in an bar shi a waje zai fashe, sai ya kwanta a toka ya huce da kansa. Abin da na rasa ido a kansa, abin da na ɗora wa rashin wuta shekara biyar, ga shi ana yinsa da toka. A hanyar dawowa na tuna kuma da abin da masu binciken kayan tarihi suka tono a Igbo Olokun da ke Ile-Ife, inda aka tabbatar cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 mutanen wurin suna haɗa gilashinsu da kayan ƙasarsu. Na ji kunyar yadda na ɗauka cewa ilimin gilashi a cikin na'urar da aka shigo da ita kawai yake zaune.

Shekarar 2020 ta zo da korona da yajin aikin malaman jami'o'i na wata tara, makarantu a rufe. Da aka sassauta kulle na ɗauki zanena na nufi kasuwar Panteka, inda na san babu abin ƙarfe da ba a iya ƙerawa. Na samu wani maƙeri mai walda na shimfiɗa masa takarda a kan bencinsa. Ya duba ya ce, "Malam, wannan bakin wutar da ka sa a tsakiya zai daki tukunyar kai tsaye ya fasa ta. A karkace za a sa shi, wutar ta riƙa zagayawa." Shi da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba ya gyara mini abin da na kwana ina lissafawa, kuma shi ne da gaskiya. Muka yanka tsohuwar ganga, muka jera mata bulo mai jure wuta, muka haɗa mata tukunyar gas da ƙaramin injin hura iska wanda janaretan gida yake iya ɗauka. Kasake na gina da kaina da farar lakar Kankara ta jihar Katsina, bayan guda shida sun tsage kafin in gane yadda zan gasa su. Don hucewa kuma muka yi wani akwati na dabam, na cika bangonsa da tokar buntun nan dai, domin ba ta barin zafi ya fita da wuri. Kuɗin aikin daga sarƙar matata ya fito. Ita ta cire ta da hannunta ta ba ni, kuma sai bara na iya mayar mata da wata.

A farkon 2021 na zuba haɗi na shida. Na rufe akwatin hucewa da la'asar, na hana kaina taɓa shi har hantsin washegari, tabarau a fuskata. Da na ɗauko faifan yana da ɗan ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Na kunna farin shafi a fuskar kwamfuta, na riƙe gilashin a gabanta, na leƙa ta cikin wata 'yar leda mai tace haske da na ɓamɓaro daga fuskar matacciyar waya. Gilashin da yake a ɗaure idan aka dube shi ta haka sai ka ga haske da ratsi-ratsi sun bayyana a jikinsa. Wannan ya fito duhu bai ɗaya, daga gefe zuwa gefe. Na zauna a ƙasa a bayan gidanmu na yi kuka, babban ɗana yana tsaye yana tambayar uwarsa ko wani abu ya sake samun idon Abba.

Sauran haɗin shida suka biyo baya cikin wata takwas. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2022 a matsayin shekarar gilashi ta duniya, kuma na so ƙwarai in kare aikina a cikinta, amma jami'o'i suka kasance a rufe daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai a 2023 na tsaya gaban masu jarrabawa. Sakamakon bai yi kyan na ƙaryar ba. Biyu daga cikin haɗin sun fito da kumfa saboda gishiri da dattin da ke cikin kanwa, ɗaya ya yi duhu don tokar ba ta gama ƙonewa ba, kuma ko mafi kyawunsu yana da ɗan kore-kore, alamar ƙarfe bai gama fita ba. Duk na rubuta su yadda suke. Mai jarrabawar da ya zo daga wata jami'a ya fi daɗewa a kan ukun da suka lalace, ya ce a nan ne wanda zai zo bayana zai san inda zai sa ƙafa.

Yanzu ina duba ayyukan ɗalibai huɗu. Duk wanda ya zo wurina, a makon farko nakan cire tabarau in nuna masa idona na hagu, sannan in fito da yagaggun shafukan nan in ba shi labarinsu da bakina, domin na fi so ya ji daga gare ni cewa na taɓa yi, ya san kuma ƙofata a buɗe take ranar da tanderu ya ƙi, kafin zuciya ta fara raya masa abin da ta raya mini. Matsalar wuta ba ta kau ba, gas kuma ya yi tsadar da sai mun tara haɗi uku muke kunna tanderu sau ɗaya. Ɗaya daga cikin ɗaliban, wata yarinya daga Rigasa, tana gwada wanke buntun da ruwan asid kafin a ƙona shi don rage ƙarfen, kuma faifan da ta fitar a watan jiya ya fi nawa haske.

Faifan nan na shida ban bar shi a ofis ba. Na goge gefensa na kai wa Inna, ta juya shi a hannu ta ɗaga shi sama ta kalli rana ta cikinsa kamar yadda take yi wa kwalba, ta tambaya ko da gaske daga buntu ya fito. Na ce mata daga buntu da kanwa. Ta ce Allah ya jiƙan Malam, da ya gani da ya yi murna, sannan ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a cikin kwallar da take ajiye katin shaidar aikinsa na masaƙa.